Yadda ake sasanta manomi da makiyayi bayan ɓarnar gona a ƙasar Damagaram

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamaye ko Tanut ya san cewa watannin da ke tsakanin ɗaukewar ruwan sama da sakin gonaki su ne mafi nauyi a wuyan masu gari da dattawa. A lokacin ne tabkunan arewa suke ƙafewa, garkunan da suka yi damina a can su juyo kudu neman ruwa, alhali dawa ba ta gama nuna ba, wake yana kwance a ƙasa, damman gero kuma suna jibge a gona ba a kai su rumbu ba. Dare ɗaya ya isa garke ya cinye wa magidanci guminsa na wata huɗu, kuma safiya ɗaya ta isa fushin magidancin ya jawo abin da gari zai shekara goma yana nadamarsa. Mutanen Nijar ba su manta da Toda ba, a jihar Maradi, inda a shekarar 1991 aka rasa rayuka fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya, akasarinsu mata da yara. Na shafe shekaru ina riƙe wa wani maigari alƙalami a irin wannan zama, kuma abin da na gani shi ne, rikici yakan girma ne a cikin sa'o'in da ba a sami wanda ya tsaya a tsakani ba. Don haka na tsara wannan bayani bisa yadda aikin yake tafiya tun daga safiyar farko.

Ranar farko

Da zarar labari ya iso, mai sulhu ya tashi da kansa ya nufi wurin, kada ya aika yaro, kada kuma ya ce sai bayan azahar. Ya tafi da dattijo ɗaya daga cikin gari da ɗaya daga ruga idan hakan zai yiwu, domin ganin su tare yana kwantar da hankalin kowane ɓangare tun kafin a furta kalma. Aikinsa na farko shi ne raba mutane da makamansu cikin lalama: sanda, adda, takobi, kwari da baka, duk a ajiye su nesa a hannun wani da aka yarda da shi. Sannan ya duba ko an ji wa wani rauni. Idan jini ya zuba, ko an kashe dabba, ko an ƙona bukka, to maganar ta wuce hurumin maigari. A kai mai rauni asibiti, a sanar da jandarmomi nan take, domin doka ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasantawa ne a kan al'amuran gona, kiwo da zamantakewa, ba ta ba su ikon yanke hukunci a kan laifin jini ba. Ɓoye irin wannan laifi da sunan rufin asiri yana cutar da wanda aka zalunta, yana kuma koya wa matasa cewa ana iya dukan mutum a wuce da goro.

Akwai wani aiki da iyayenmu ba su san shi ba, amma yau ya zama dole. Kafin mai sulhu ya isa gona, saƙon murya ya riga ya zagaya WhatsApp, kuma sau da yawa ɓarnar kadada guda ta zama ɓarnar gari duka a bakin wanda bai je wurin ba. Ya kamata a kira shugabannin fadar matasa a gefe, a gaya musu gaskiyar abin da ya faru, a kuma ɗora musu nauyin hana abokansu fita zuwa ruga. Matashin da aka ba amana a gaban dattawa yakan riƙe ta fiye da wanda aka kora da tsawa.

Daga nan sai a juya ga dabbobin da aka kama. A ƙirga su a gaban shaidun ɓangarorin biyu, a rubuta adadin shanu, tumaki, awaki ko raƙuma, tare da launinsu da shaidar da ke jikinsu. A ba su ruwa da inuwa, kada a raba maraƙi da uwarsa, kada kowa ya tatse su ko ya doke su. Idan an san mai su kuma akwai dattijon da zai tsaya masa, ya fi kyau a sake su bayan ƙirga, domin kowane yini da dabba ta kwana a ɗaure ƙarin asara ne da za a zo ana jayayya a kansa. Idan ba a san mai su ba, a kai su wurin tsare dabbobi na hukuma, kada a bar su a gidan wanda aka yi wa ɓarna.

Zuwa gona

Gani ya kori ji, kuma a nan ne sulhu yake tsayuwa ko ya rushe. Dole a shiga gonar a ranar, ko washegari da sassafe, kafin iska ta share sawu ko wasu dabbobi su bi ta kai. Waɗanda za su shiga su kasance kaɗan: mai gona, makiyayi ko wakilinsa, dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, wakilin kwamitin kula da filaye na ƙauye wanda ake kira Kofo, da malamin gona idan yana kusa. Sauran jama'a su tsaya a bakin gona, domin ƙafafu da yawa suna taka shaida.

Abu na farko da za a nema shi ne inda dabbobin suka shiga da inda suka fita. A bi sawun har inda ya kai, ko da zai kai ga wani garke dabam da wanda ake zargi. Na ga lokacin da aka kama wani yaro makiyayi da shanunsa a bakin gona, gari ya taru a kansa, amma da aka bi sawu sai aka tarar na awaki ne, kuma ya koma cikin garin, har ƙofar wani gida. Yaron wucewa kawai yake yi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san karkara, domin yau manoma da ƴan kasuwa da ma'aikata duk suna da dabbobi, kuma wani kaso na ɓarnar da ake ɗora wa baƙi daga cikin gari take fitowa. Mai sulhun da ya shiga gona da hukunci a ransa ba zai ga wannan ba.

Sannan a duba irin cin da aka yi. Saniya tana fizgar ganye da zangarniya, tana karya kara da jikinta, tana barin sawu mai zurfi. Akuya tana tsinke ganye da ƙananan rassa, ta fi kuma son wake. Raƙumi yana ci daga sama. Ɓarnar tsuntsu da ta fara da ta tsutsa suna da kamanninsu, kuma bai halatta a haɗa su cikin lissafin makiyayi ba. Ɗanyen kashin dabba da bushewar karan da ya karye suna nuna ko ɓarnar ta daren jiya ce ko ta kwana uku, kuma ko sau ɗaya aka shiga ko an maimaita.

Tambaya ta ƙarshe a gona ita ce mafi wuya, kuma masu sulhu da yawa suna kauce mata: ita kanta gonar a ina take? Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da makiyaya da hanyoyin zuwa mashaya, dokar 2010 kuma ta amince cewa kai da komo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Tun a 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Saboda haka idan gonar ta ci wani yanki na burtali, ko ta toshe hanyar rijiya, ko an share ta a cikin filin da aka keɓe wa dabbobi, dole a faɗi haka a fili, domin mai ita ba ya da hujja irin ta wanda gonarsa ke inda ya kamata. Haka kuma a tabbatar ko ɓarnar ta auku kafin ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara, ko bayanta. A rubuta duk abin da aka gani a wurin, a ɗauki hoto da waya idan akwai, a karanta wa kowa kafin a bar gonar.

Sauraro a keɓe

Kada a haɗa mutanen biyu a zama ɗaya alhali zuciyarsu tana tafasa. Mai sulhu ya je gidan manomi da yamma, ya zauna, ya jajanta masa kafin komai: "Malam, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar da alheri." Ya bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba tare da katsewa ba, domin sau da yawa a ƙarƙashin maganar gero akwai tsohuwar magana, ta bara ko ta shekaru biyar, wadda ba a taɓa warwarewa ba. Idan gonar gayauna ce ta mace, wadda a garuruwanmu ake kira gamana, to ita ce mai haƙƙi, kuma sai an ji daga bakinta ko daga wakilin da ta zaɓa da kanta. Diyyar ma hannunta za ta shiga.

Sannan ya je ruga, ya fara da ardo ko garso, ya gaishe shi da girmamawar da ta dace, ya tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi kafin ya shiga magana. A nan akwai abu biyu da za a kiyaye. Na ɗaya, a gano ainihin mai dabbobin, domin yaron da aka kama da sanda sau da yawa ɗan kiwo ne kawai, mai dukiyar yana wani gari. Na biyu, a nemi tafinta amintacce idan mutumin ya fi sakewa da Fulatanci, Buzanci, Barbarci ko Tubanci. Mutum yana iya cinikin kasuwa da Hausa amma ya kasa kare kansa da ita, kuma shirun Bafulatani a gaban manya kunya ce da tarbiyya, bai kamata a ɗauke shi a matsayin amsa laifi ba.

Abin da aka faɗa wa mai sulhu a keɓe amana ne. Ba ya ɗaukar zafafan kalaman wannan ya kai wa wancan. Abin da yake ɗauka shi ne buƙatar kowa da iyakar abin da zai iya yarda da shi.

Ƙiyasin ɓarna

A nan ne kwaɗayi ke shiga, don haka a bi hanyar da kowa zai iya bi da idonsa. A auna tsawo da faɗin wurin da ya lalace da taki ko da igiya, a kwatanta shi da dukan gonar. A dubi gefen da dabbobi ba su taɓa ba, domin shi ne zai nuna abin da gonar za ta bayar a bana, ba abin da ta bayar a shekarar da damina ta yi kyau ba. Misali, idan dattawa sun yarda cewa gonar za ta ba da dami 60, ɓarna kuma ta shafi kashi ɗaya cikin shida, asarar dami 10 ce. Sai a sussuke dami ɗaya daga gonar a auna. Idan ya ba da tiya 6, to asarar tiya 60 ke nan. Farashin tiya kuwa a ɗauko shi daga kasuwa mafi kusa a makon da abin ya faru. Idan an ci wake ko gyaɗa, a lissafa harawa ma, domin kuɗi ce. Idan kuwa shuka tana ƙarama ce aka ci ta kuma akwai sauran ruwa, a tuna cewa gero yakan sake tofowa, saboda haka ana iya jinkirta ƙiyasin ƙarshe zuwa kaka, a rubuta haka.

Malamanmu na Malikiyya suna kawo hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib, wanda ya nuna cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, tsaron dabbobi da dare kuma yana kan mai su. Shi ya sa ɓarnar dare ta fi nauyi a idon jama'a, ko da yake ta rana ma ana biyanta idan makiyayi yana tare da garkensa ya yi sakaci ko ya kora da gangan. Bambanta kuskure da ganganci yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda dabba ta kuɓuce masa da wanda ya buɗe shinge da hannunsa ba ɗaya suke ba.

Ina roƙon duk mai wannan aiki da ya nisanci abu guda: kada kuɗin zama da na tafiya da na shaidu su fi diyyar kanta yawa. Na ga makiyayin da ya sayar da bijimi saboda ɓarnar da ba ta kai jika goma ba, manomin kuma bai karɓi ko rabin abin da aka biya ba. Daga ranar dukansu biyu suka daina kawo ƙara, kuma mutanen da suka daina kawo ƙara su ne suke ɗaukar sanda. Duk abin da za a biya a faɗe shi a gaban jama'a, a rubuta shi.

Zaman sulhu

A zaɓi wurin da ba na ɗayansu ba, kamar ƙofar gidan maigari, harabar masallaci ko inuwar itacen da gari ya saba taruwa, a kuma zaɓi lokacin da makiyayi ya dawo daga mashaya, ba ranar kasuwa ba. A shimfiɗa tabarma iri ɗaya ga ɓangarorin biyu, kada ɗaya ya zauna a kujera ɗaya a ƙasa, kuma adadin masu rakiya ya zama daidai. Dokar kiwo ta tanadi a fara gwada sulhu a gaban kwamitin da ya ƙunshi wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida, ƙarƙashin basaraken wurin, kafin a je gidan shari'a, kuma hikimar hakan a bayyane take.

Liman ya buɗe da addu'a, ya yi gajeriyar tunatarwa. Ayoyi na 78 da 79 na Suratul Anbiya, inda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, suka yi hukunci a kan gonar da tumaki suka shiga da dare, sun dace da wannan zama fiye da kowace magana, domin suna nuna wa kowa cewa matsalar tsohuwa ce kuma tana da mafita. Bayan haka mai sulhu ya shimfiɗa ƙa'ida: ba katse magana, ba zagi, ba ambaton ƙabila, kowa zai fuskanci shugaban zama ne idan yana magana. Mai ƙara ya fara, wanda ake ƙara ya biyo, sannan a karanta abin da aka gani a gona. Mai sulhu ya maimaita maganar kowa da kalmomi masu sanyi, ya tambaye shi, "Haka ne, ko na rage wani abu?" har sai ya amsa da kansa.

Idan zama ya yi tsami, dattijon da ya iya wasan taubasantaka yana da amfani a nan. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wannan wasa tun kaka da kakanni, kuma UNESCO ta sanya wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Kalma ɗaya daga bakin taubashi takan sauke abin da nasihar sa'a guda ba ta sauke ba, amma sai daga wanda yake da hurumin yin ta, kuma ba a yin ta a kan asarar mutum. Rantsuwa da Alƙur'ani kuwa a bar ta ta zama makoma ta ƙarshe. Ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa, amma mutanenmu suna jin nauyinta ƙwarai, kuma takan bar tabo tsakanin gidaje biyu ko bayan an gama magana.

Idan an faɗi ƙiyasi, kada mai sulhu ya yi gaggawar rufe baki. Ya ba makiyayi dama ya nemi afuwa da bakinsa, ya kuma ba manomi dama ya yafe wani abu da kansa. Dattijo yakan ce, "Malam, haƙƙinka ya tabbata a gaban jama'a, ko akwai abin da za ka bari saboda Allah da maƙwabtaka?" Sau da yawa mutumin da ya zo yana rantsuwar ba zai bar ko tiya ɗaya ba shi ne yake yafe kashi ɗaya cikin uku, domin abin da ya fi nema shi ne a yarda an cuce shi. Amma kada a matsa wa talaka ya yafe abincin ƴaƴansa don kunyar manya. Biyan ma ba lallai ya zama kuɗi ba: ana iya biya da hatsi, ko da ɗan akuya, ko a yi yarjejeniya garken ya kwana a gonar bayan girbi na wasu makonni ya zuba mata taki. Wannan hanya ta ƙarshe ita na fi so, domin tana mayar da mutanen biyu ga tsohuwar hulɗar da ta haɗa kakanninsu, ta taki da kara, da nono da hatsi.

Rufewa da abin da ke biyo baya

A rubuta takardar sulhu a wurin: sunayen ɓangarori da shaidu, ranar ɓarna, abin da aka gani, abin da aka amince, ranar biya da wanda za a biya a gabansa. Da yake da Faransanci ake rubuta ta, dole a fassara ta da babbar murya cikin harshen da kowa yake ji kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa. Kowane ɓangare ya karɓi kwafi, ɗaya ya zauna wurin maigari, ɗaya a kai wa Kofo. Idan ba a daidaita ba, wannan ma a rubuta shi, a miƙa maganar ga sarkin kanto ko shugaban rukunin makiyaya, daga nan har fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni ta Zinder idan ƙasarsa ce, ko gidan shari'a. Rashin daidaitawa a zama ɗaya ba abin kunya ba ne, kuma tura magana sama ya fi tilasta sulhun da ba zai kwana ba.

Takarda tana tsare haƙƙi, amma zuciya tana buƙatar alamar da ido zai gani. Mutanen biyu su tashi su yi musafaha a tsakiyar taro, liman ya ja Fatiha, a raba goro, a kawo ruwa ko fura su sha daga ƙwarya ɗaya. A mayar wa kowa sandarsa a gaban jama'a. Maigari ya sanar cewa maganar ta mutu, duk wanda ya sake tayar da ita da gori ko habaici shi ne mai laifi. Yana da kyau a aika wa matan gari cewa matan ruga za su ci gaba da kawo nono kamar kullum, domin dawowarsu cikin gari da ƙwarya a ka ita ce shaidar da kowa yake ganewa.

Bayan mako guda mai sulhu ya koma ya tabbatar an biya, ya kuma leƙa ruga ya ji ko wani ya tsangwame su a rijiya. Sannan ya koma ga abin da ya haifar da ɓarnar tun farko. Idan burtali ne ya tsuke, a kira Kofo da masu gonakin da ke gefensa da wakilan makiyaya, har da ƙungiyoyinsu irin su AREN inda suke da wakili, a taka shi daga farko zuwa ƙarshe, a kafa turakun siminti ko a dasa aguwa da dashi a kan iyaka. Idan layin shayarwa ne a rijiya, a tsara lokacin mutanen gari da na garkuna. Wannan aiki a yi shi da rani, kafin ruwan shuka ya sauka, domin da zarar iri ya shiga ƙasa babu manomin da zai yarda a ja masa iyaka baya. A rubuta ranar wannan tattaki a littafin maigari tun a zaman sulhun, a kuma sanar da ita a masallacin Juma'a da kasuwa mako biyu kafin ta zo.